Turanci Ya Zame Mini Ƙarfen Ƙafa, Ga WAEC Ta Ƙarato

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a aji uku na babbar sakandare, muna zaune a Tudun Wada, Zariya. Lissafi da Kimistiri da Bayoloji ba sa ba ni wahala, amma Turanci ya zame mini ƙarfen ƙafa. A gwajin zangon nan ko rabin maki ban samu ba. Duk insha'in da na rubuta sai ya dawo jawur da jan biro. Na haddace wasu insha'o'i daga wani littafi, ranar gwaji ko ɗaya bai fito ba. Jingar da ake ba mu kuwa, gaskiya wajen ƙawata nake kwafa, don tsoron jan biron nan. In na buɗe baki a aji sai a kwashe da dariya, shi ya sa na daina magana. Burina in karanta aikin jinya a ABU. Baba ya ce sau ɗaya zai iya biyan kuɗin WAEC. Wasu 'yan ajinmu suna cewa in kwantar da hankalina, akwai inda ake biya a ba mutum amsa. Da safe ina boko, da yamma Islamiyya, da dare aikace-aikacen gida. Malama, ki taimake ni da shawara.

Wata ɗiyarki daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Yarinyar da ke warware lissafin Kimistiri ba ta da matsalar kai, wannan ki cire shi daga ranki tun yanzu. Abin da na gani a wasiƙarki wani abu ne daban, kuma zan faɗa miki shi kai tsaye saboda lokaci ya ƙure: kin daɗe kina ɓoye wa malaminki ainihin Turancinki. Kin kwafi jinga, abin da ya gani na ƙawarki ne. Kin haddace insha'i, abin da zai gani na mai littafi ne. Kin yi shiru a aji, bai ji komai ba. Yanzu kuma ana gayyatarki zuwa inda za a ɓoye shi har ga masu jarrabawa. To wa zai gyara abin da bai taɓa gani ba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ke 'yar Zazzau ce, kin san yadda ake karatun allo. Almajiri yakan rubuta da hannunsa, ya kai wa malam, malam ya bi layi-layi yana gyara wasali da ɗigo, yaro ya koma ya biya har ya zauna, sannan a wanke a sake wani. Ba wanda ya taɓa sauka da allon wani. Jan biron da kike gudu shi ne wannan gyaran, kuma a halin da kike ciki babu abin da ya fi shi amfani a gare ki.

Bari in nuna miki inda makin yake, domin tsoron abin da ba a sani ba ya fi na wanda aka sani yawa. Turancin WAEC kashi uku ne. Akwai takardar zaɓi-ɗaya mai tambayoyi 80 kan kalmomi da ginin jimla. Akwai takardar rubutu ta awa biyu, wadda ta ƙunshi insha'i da auna fahimta da taƙaitawa. Sai ta furuci mai tambayoyi 60 cikin minti 45. Takardar rubutun ita ce mai nauyi, maki 100 ne: insha'i 50, taƙaitawa 30, auna fahimta 20. Makin insha'in nan 50 kuma raba shi ake yi: 10 na abin da kika faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na kiyaye ƙa'idojin rubutu. A wannan goman na ƙarshe ne ake yi wa ɗalibanmu kisan mummuƙe, domin kowane kuskure ɗaya na nahawu ko haɗa baƙi ko alamar rubutu rabin maki ake cirewa. Kuskure 20 ya cinye goman kakaf.

Duba wannan layin, irin wanda nake gani a takardun yara kullum:

Yesterday my mother go to Sabon Gari market and buy some furnitures, i was very happy.

Ma'ana ta fito, kowa ya gane Mama ta je kasuwa jiya. Amma mai duba takarda zai zagaye go, domin jiya aka ce, went ya kamata. Zai zagaye buy saboda dalili ɗaya. Zai zagaye s ɗin da ke ƙarshen furniture, don ba a yi wa kalmar jam'i. Zai zagaye waƙafin da aka haɗa jimloli biyu cikakku da shi a inda aya ta dace. Zai kuma zagaye i ɗin da aka rubuta da ƙaramin baƙi. Kuskure biyar a layi guda, maki biyu da rabi ya tafi, alhali ba a gama sakin layi na farko ba. Layi huɗu irin wannan sun isa su share goman nan, kuma sharrinsu bai tsaya nan ba, yana shafar makin sarrafa harshe, wanda shi ne mafi tsoka.

Ga abin farin cikin, kuma shi ne dalilin da ya sa ban karaya da lamarinki ba. In kika tattara takardunki da suka dawo jawur kika zauna kika duba, za ki tarar ba kurakurai ɗari daban-daban ba ne. 'Yan kaɗan ne suke ta maimaita kansu. Kuma yawancinsu suna da dalili. A Hausa muna cewa na tafi, ina tafiya, zan tafi, ya saya, za ta saya. Ƙaramar kalmar da ke zuwa kafin aikatau ce take ɗaukar nauyin lokaci. Shi kuwa Turanci jikin aikatau ɗin yake sauyawa, wani lokacin ma ya rikiɗe gaba ɗaya, kamar go da went da gone. Kunnen da ya tashi da Hausa bai saba jiran wannan sauyi ba, shi ya sa hannu yake wucewa bai lura ba. Haka ƙaramin s ɗin da ake liƙa wa aikatau in mutum ɗaya ake magana a kansa, she goes, he writes. Haka ƙananan kalmomin nan biyu na Turanci, a da the, waɗanda Hausa ba ta amfani da su yadda Turanci yake yi. Haka sunayen da ba a ƙirga su, irin su information da advice da equipment da luggage. Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Harshe biyu ne masu gini daban suka haɗu a kai ɗaya, kuma ana raba su da lura.

Saboda haka ki sayi ɗan littafin rubutu mai arha, ki keɓe shi don kurakuranki kaɗai. Duk abin da malam ya zagaye, ki kwafe jimlar yadda kika rubuta ta a hagu, gyararriyar a dama, a ƙasa kuma ki ƙirƙiro taki sabuwa mai irin wannan ginin. In kuskure ya sake dawowa a wata takardar, ki sa masa alama a gefe. Kafin wata guda za ki ga waɗanda suka fi tara alama, su ne abokan gabarki na gaskiya. Daren gwaji wannan littafin za ki karanta, ba littafin nahawu mai shafi ɗari uku ba. A zauren jarrabawa ma, in kin gama insha'i ki bar minti biyar ki bi shi da ido kina farautar waɗannan 'yan kurakuran naki kawai: kowane aikatau ki tambaye shi, jiya ne ko yau, mutum ɗaya ne ko da yawa.

Batun hadda kuma, ki bar shi. Tambayoyi biyar ake kawowa ki zaɓi ɗaya, kuma ba wanda zai iya haddace abin da zai dace da duk taken da za a iya kawowa. Mafi muni shi ne ɗalibi ya ga taken ya ɗan yi kama da abin da ya haddace, sai ya juye shi duka. Masu duba takarda sun san irin wannan rubutun tun daga layin farko, kuma insha'in da bai amsa tambayar da aka yi ba, komai kyan Turancinsa, ya faɗi. Abin da ya cancanci hadda shi ne siffar kowane nau'i. Wasiƙar hukuma tana da adireshi biyu, da kwanan wata, da gaisuwa, da take, a rufe ta da Yours faithfully, sa hannu, sannan cikakken suna. Wasiƙar zumunci adireshi ɗaya ne, harshe mai sauƙi, sunan fari kaɗai a ƙasa. Muhawara tana buɗewa da gaida shugaban zama da alƙalai, ki faɗi ɓangaren da kika ɗauka. Maƙalar jarida tana da take da sunan marubuci. Wannan maki ne da ake samu da sanin tsari kawai, tun kafin a zo ga ƙarfin Turanci. Ni a ganina, ɗalibar da Turancinta bai gama ƙwari ba gara ta ƙware a wasiƙa iri biyun nan da muhawara, ta yi hattara da ƙagaggen labari, domin labari yana tafiya ne cikin shuɗaɗɗen lokaci daga farko har ƙarshe, kuma nan ne ƙafarki take zamewa.

Ana son kalmomi 450. Kada ki tsaya ƙirgawa ranar jarrabawa. Tun yanzu ki ƙirga kalmomi nawa hannunki yake zubawa a layi ɗaya. In tara ne, layi 50 kike buƙata. In rubutu ya gaza tsawon da aka nema, makin ƙa'idojin rubutu ma rage shi ake yi. Kuma ki rubuta gajerun jimloli. Yaranmu suna da wani zato cewa Turancin kirki shi ne mai manyan kalmomi da jimla mai tsawon layi biyar. Jimla gajera wadda ta tsaya da ƙafarta ta fi doguwa mai karaya uku. Ba laifi ba ne ki tsara hujjojinki da Hausa a zuci kafin ki fara, tunani da harshen uwa ya fi zurfi. Abin gudu shi ne ɗauko jimlar Hausa a juya ta kalma bayan kalma, nan ne ake samun mai jin yunwa ya rubuta cewa yana sauraron yunwa.

Yanzu taƙaitawa. Ban ga kin ambace ta ba, kuma ita ce na fi ji miki tsoro, domin maki 30 ne, kuma ɗalibai da yawa ba su san suna zubar da shi ba. Za a ba ki dogon rubutu, a ce, misali, cikin jimla uku ki faɗi dalilan abu kaza, cikin wasu uku ki faɗi mafita. Abin da yara suke yi shi ne su gano wurin da amsar take, su kwafe shi ɗungurungum har da misalan marubucin. Wannan kwafen ba ya samun maki, ko da wurin da aka kwafo daidai ne. Ana son ki gane batun, ki cire masa ado da misali da maimaici, ki faɗe shi da naki kalmomin cikin cikakkiyar jimla mai aikatau. In aka ce jimla uku, uku za ki ba da, ba biyar ba, kuma kada ki cusa batu biyu cikin jimla ɗaya. Hanyar koyonta ba ta da tsada. Ki ɗauki sakin layi ɗaya daga littafin Bayolojinki, tunda kin san abin da yake faɗa. Ki karanta sau biyu, ki kife littafin, ki faɗa wa kanki da Hausa abin da aka ce cikin numfashi ɗaya, sannan ki rubuta wannan da Turanci a jimla guda. Kife littafin shi ne sirrin, don muddin idonki yana kan shafin, hannunki zai kwafa. Kin ga kin yi bitar darasi biyu a zama ɗaya. A takardar kanta an ba da shawarar minti 50 ga insha'i, 30 ga auna fahimta, 40 ga taƙaitawa. Da yake taƙaitawa ce a ƙarshe, ita ake bari har lokaci ya ƙare, don haka ki riƙa gwaji da agogo a gabanki.

Takardar furuci tana ba yara tsoro ba gaira ba dalili. A Nijeriya ba a sa ki yin magana a cikinta, zaɓin amsa ne kawai. Abin da take aunawa shi ne ko kin san cewa a Turanci rubutu daban, furuci daban. Baƙaƙen rubutu 26 ne, sautuka kuwa 44, ashirin daga ciki wasula ne, mu kuwa wasula biyar muka saba rubutawa. Wuraren da Bahaushe yake tuntuɓe sanannu ne: p da f, kamar pan da fan, b da v, kamar ban da van, sautin th da muke mayarwa s ko z, da cunkoson baƙaƙe da muke raba su da wasali. Amma kina da wata baiwa da ba ki sani ba. Kunnenki yana bambanta garin Zariya da garin tuwo, ɗaya gajeren wasali, ɗaya dogo. Wannan kunnen zai taimake ki ki fara jin bambancin ship da sheep, da full da fool. In akwai waya a gidan, a sauke ƙamus mai furta kalma, ki riƙa sauraron kalmomi goma a rana daga tsofaffin tambayoyi kina maimaitawa a bayyane. Labaran NTA na ƙarfe tara na dare ma makaranta ce, in an samu wuta.

Takardar zaɓi-ɗaya ba ta buƙatar dogon bayani. Ki nemi littafin tsofaffin tambayoyi, ki yi ashirin a zama, ki duba amsa, wadda kika faɗi ta shiga littafin kurakurai. Hukumar WAEC tana kuma sanya rahoton manyan masu duba takardu a shafinta na intanet kyauta, inda suke bayyana abin da ya kayar da ɗalibai a kowace tambaya. Ki roƙi wani yayanki ya buɗe miki.

Sai jinga da gwajin aji. Kada ki raina su, makarantu suna tura wa WAEC makin CA, wato na jinga da gwaje-gwajen aji, na ɗalibansu. Amma ko ba don haka ba, jinga ita ce kaɗai damar da kike da ita ta samun gyara kyauta, kuma duk wadda kika kwafa kin yi asarar gyara ɗaya. Daga yau ki miƙa naki, komai muninsa. Makinki na iya sauka a makonnin farko, ki daure. Ki je wajen malaminku na Turanci a ofishin malamai, ke da wata ƙawarki, a lokacin tara, ki gaishe shi ki ce: Malam, ina son in riƙa kawo insha'i ɗaya duk mako a duba mini. Malamanmu suna fama da aji mai cunkoso da tarin takardu, don haka kada ki kai masa shafi huɗu kullum. Ɗaya a mako ya isa, kuma ki karɓa a lokacin da ya ce. Na daɗe a cikin malamai, kuma abu ne mai wuya malami ya kori ɗalibin da ya zo da kansa neman gyara. In bai samu sarari ba, garin nan ba a rasa mai dubawa. Zariya ce, ga ABU tun 1962, ga Jami'ar Ilimi ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Da wuya unguwarku ta rasa wata yaya mai karanta Turanci ko wata malama da ta yi ritaya. Ki sa Mama ta yi miki magana. Ita kuma ƙawar taki, kada ki rabu da ita, ki sauya abin da kike nema a wajenta: maimakon ta ba ki nata ki kwafa, ki ba ta naki ta karanta ta nuna miki inda ta ga matsala.

Na san lokacinki a ƙuntace yake, kuma ba zan ce ki bar Islamiyya ko ki bar Mama da aiki ba. Minti talatin bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, sun fi awa biyu na dare ana gyangyaɗi a gaban fitila. Ki ba wa Turanci su. In Islamiyyarku tana hutun Alhamis da Juma'a kamar yawancinsu, yammacin Alhamis ki zauna ki rubuta cikakken insha'i da agogo, na Juma'a ki yi taƙaitawa da auna fahimta. Ki gaya wa Mama shirin nan dalla-dalla, har da ranaku da lokuta. Uwa in ta ga abu a tsare takan ɗauke wa ɗiyarta wanke-wanken yamma biyu a mako ba tare da an roƙe ta sau biyu ba.

Dariyar aji tana da ciwo, ban raina ta ba. Amma ki lura, masu dariyar nan gida ɗaya kuka fito, harshe ɗaya kuka sha a nono, kuma da yawansu dariyar ce mafakarsu don kada a ce su ma su tashi. Ki fara da abin da ba ya buƙatar ƙirƙira: in malam ya nemi mai karanta rubutu a bayyane, ki ɗaga hannu. A gida ki riƙa karanta wa ƙannenki shafi ɗaya da murya. Baki ma sai ya saba.

Maganar inda ake biya a ba da amsa, ina roƙonki da girman Allah ki toshe kunnenki. Haramun ne, kin sani, ha'inci ne, kuma laifi ne a dokar ƙasa, ga dokar satar jarrabawa ta 1999 nan. WAEC tana riƙe sakamako, tana sokewa, wani lokacin na cibiya sukutum, har da wanda bai ji ba bai gani ba. Kuɗin Baba da kike tsoron ya salwanta, ta nan ne ya fi saurin salwanta. Ko da an tsallake, gaba fa? JAMB tana jiranki da tambayoyin Turanci 60 a gaban kwamfuta, ke kaɗai. In Allah Ya sa kin shiga ABU a Samaru, akwai darasin Turanci na dole a shekarar farko, kuma duk laccocinki da shi za a yi. In kin kai ga ɗakin marasa lafiya a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, da Turanci za ki karanta abin da likita ya rubuta, da shi za ki rubuta abin da kika ba majinyaci da lokacin da kika ba shi, wadda za ta karɓe ki aiki ta dogara da rubutunki. A can, bambancin an ba shi magani da za a ba shi magani ba rabin maki ba ne, lafiyar ɗan wani ce. Kiredit ɗin da ake nema C6 ne zuwa sama, kuma yarinya mai kai irin naki, in ta yi watanni tana kai rubutunta gyara, tana iya samunsa da guminta.

Shi kuma Baba, kada ki ɗauki maganarsa a matsayin barazana. Mutum ne ya faɗa miki iyakar ƙarfinsa. In kin cika shafuka a littafin kurakuranki, ki kai masa ya gani, ko da ba ya karanta Turanci, ki nemi ya sa miki albarka.

Ga taken farko, kada ki jira sai malam ya ba ki: wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukumar Zariya kan yadda magudanun ruwa suke toshewa da damina a unguwarku, da dalilai biyu, da mafita biyu. Abu ne da kika gani da idonki, ba sai kin nemi littafi ba. Ki rubuta shi ranar Alhamis mai zuwa cikin minti 50, ba ƙamus, ba waya, ba ƙawa, ki kai wa malam ranar Litinin. In ya dawo, ki sake rubuto mini ki gaya mini kurakurai uku da suka fi yawa a ciki, sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya buɗa miki, Ya ba ki sa'a.